Dutse Kusa da na Yayarka

Daga gidanmu a Gadarif, zuwa ga ɗana Iliya.

Ina gaishe ka da sunan Yesu Almasihu. Alherinsa ya riga ka hawa lorin gobe, ya zauna kusa da kai, ya riga ka sauka. Allah ya tsare ka daga masu bindiga a shingayen hanya, da ruwan da ba ka san rijiyarsa ba, da abokin da zai yi maka dariya a gaba ya tona maka rami a baya.

Ka san ban yi karatu ba, ko alif ban sani ba. Malam Sale maƙwabcinmu ne ke riƙe da alƙalami, muna zaune a rumfarsa da hantsi, jabana, gahawar nan tamu, tana hucewa a tsakaninmu. Kafin mu fara ya ce in sani shi Musulmi ne, hannu kawai ya ara mini, duk abin da na faɗa alhakinsa yana wuyana. Na ce na ɗauka, ai wuyan ya saba da kaya. Ya ce shekara hamsin yana jiran in faɗi maganar da ba gardama ba, yau zai gani.

Za ka ce me ya kawo takarda tsakanin mutum biyu da ke kwana gida ɗaya. Wata uku ke nan in na shigo ka fita, in na fita ka shigo. Uwarka za ta sa wannan a jakarka, ƙarƙashin ƙullin gyaɗa. Ka karanta a inda ba za ka iya tashi ka bar ni ba.

Bari in faɗi abin da kowa a gidan ke kewayewa. Ranar nan da azahar, a gonar mashru'i, irin manyan gonakin nan na injina, ta wajen Ƙala'at an-Nahal, ka tayar da tarakta ba ka san wani ɗan Habasha mai yankan riɗi yana barci a inuwar tirela ba. A filin nan an sare itatuwa tun kafin a haife ka, mutum ba shi da inuwa sai ƙarƙashin ƙarfe. Ya mutu. Hukuma ta riƙe ka kwanaki, ta ce tsautsayi ne, ta sake ka. Kai ne ba ka saki kanka ba. Tun daga ranar ba ka taka kanisa, majami'armu, ba, ba ka cin abinci sai an tsaya a kanka. Yanzu ka ce za ka arewa haƙar zinariya. Na san ba zinariya kake nema ba, rami kake nema wanda ba wanda ya san sunanka a cikinsa. Ba zan hana ka ba. Amma ba za ka tafi kana zaton kai kaɗai ne a gidan nan ke da rai a hannunsa ba.

An gaya muku yayarku, wadda ba ku taɓa gani ba, zazzaɓi ne ya ɗauke ta. Ni na sa a faɗi haka. Ga yadda aka yi.

Lokacin muna Mafaza, bakin kogin Rahad, inda kakanka ya yada zango. Ka san labarinsa: Bamaguje ne daga ƙasar Kano wanda ya karɓi Almasihu, ya biyo ayarin mahajjata yana kora musu jakuna. Guzuri ya ƙare musu a nan, suka zauna, shi ma ya zauna tare da su. Addininsu bai ɗauka ba, amma al'ada ai tamu ce duka. A cikinta akwai kunyar ɗan fari. Namiji ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ba ya rugawa. Ni kuwa na riƙe wannan har na fi masu ita. Yayarka ta shekara biyar a duniya bakina bai taɓa furta sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko "waccan".

A shekararta ta biyar, ƙarshen damina, zazzaɓi ya kama ta ya ƙi saki. Hannuwa suka zama kamar kara, ciki ya fito, saifa ta kumbura har ana ganin iyakarta. Kalazar ne, ciwon nan da ƙwaron tsagar ƙasa ke sawa. Rahila, uwarka, ta ce mu kai ta asibitin Gadarif. Na ce riɗi ya yi ja. Kai manomi ne, ka san riɗi ba ya jiran kowa: in ya nuna ka ba shi kwana uku, bakinsa ya buɗe, ya zube cikin tsagar laka, ko kaza ba ta tsince shi. Wannan gaskiya ce, amma rabin gaskiya ce. Ɗaya rabin, ina jin nauyin a ce ga Barnaba can a kan hanya, ya saɓa 'yar fari a kafaɗa kamar mace. Abin da mutanen majalisa za su ce shi ya fi mini ciwo a kan numfashin yarinyar.

Na kira wani tsoho ya yi mata lalas a ciki da ƙusa mai zafi, wuri uku, ni na danne mata ƙafafu. Uwarka ta durƙusa a gabana, ta ce, "Maigida, riɗin nan za a sake shuka wani." Na ce mata mace ba ta koya mini noma ba.

Na yanke riɗina, na ɗaure, na jingina dammuna suka bushe, na kakkaɓe. Kwana goma sha biyu. Sannan na ɗauko karo, keken jakin nan, na ce to, a fito da ita. Ba mu kai ko garin Hawata ba ta cika. A hanya ta ce tana jin ƙishirwa, ta kira ni Baba, ban amsa ba domin mai karon yana ji. Ban taɓa samun riɗi irin na shekarar nan ba, kafin ta ko bayanta.

Malam Sale ya ajiye alƙalami a nan, ya ce bai taɓa jin wannan ba. Na ce ya ɗauka, ba kuka na kira shi ya taya ni ba.

To ka ji. Kai ba ka leƙa ƙarƙashin tirela ba sau ɗaya. Ni kwana goma sha biyu ina kallo da idona biyu. In akwai wanda ƙofar Allah ta rufe a fuskarsa, ni ne a gaba, kai kana can baya ba ka ma iso layin ba. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, duk inda ka je, kada ka bar idon mutane ya yanke maka abin da ya shafi rai. In ka ga wanda ke buƙatar a ɗauke shi, ɗauke shi a tsakiyar kasuwa. Masu dariyar ba za su zo su taya ka haƙa ba.

Kuskurena na biyu shi ne wanda kake cikinsa yanzu, shi ya sa na gane shi tun daga tafiyarka.

Bayan mun binne ta na yanke wa kaina hukunci. Na bar kanisa. Na bar cin duk abin da riɗi ya taɓa, ko mansa. Ina fita aiki da rana tsaka ba hula, ina kwana a ƙasa. Muka tashi daga Mafaza muka dawo Gadarif don kada in ga hanyar Hawata. Shekara bakwai ina haka. A raina ina ganin wannan tuba ce, ina cewa in na sha wuya isasshiya wataƙila a dube ni. Fasto na lokacin, wani dogon mutumin duwatsun Nuba mai haƙuri, ya zo gidanmu ya fi a ƙirga. Ya ce mini wuyar da ake sha domin zunubi an riga an sha ta a kan gicciye, ba a bar mini saura ba. Na ce masa shi bai binne kowa ba. Daga baya na ji ya binne 'ya'yansa uku.

Wadda ta fasa ni uwarka ce. Wata rana tana tuƙa asida, ba ta ko juyo ba, ta ce ita fa ta rasa mutum biyu a hanyar Hawata, ɗaya an binne, ɗaya yana zaune yana jiran a zuba masa abinci ya ƙi ci. Ta ce in ina ganin azabar da nake ba kaina tana kai wa yarinyar wani abu, in faɗa mata, ita ma ta shiga. Sannan ta ce, "Kai ko a baƙin ciki sai ka fi kowa. Har Almasihu kake so ka fi."

Na fita, na kwana uku ba na yi mata magana. Amma maganar ta zauna. Girman kan da ya hana ni ɗaukar yarinyar, shi ne dai ya canza riga ya hana ni karɓar gafara. A da ina cewa na fi ƙarfin a gan ni da 'ya a kafaɗa. Yanzu ina cewa laifina ya fi ƙarfin jinin Ubangiji. Duka biyun ni ne babba a ciki.

Iliya, yunwar da kake zama da ita ba ta kai wa mamacin komai. Uwarka kawai take ci. Ka ci abinci. In ka sauka ka tambayi inda masu bi ke taruwa, ko da rumfar buhu ce, ko da yarensu ba ka ji. In an miƙa gurasa da ƙoƙo ka miƙa hannu, hannun nan da ya murɗa makullin. Ba don masu tsabtar hannu aka kafa teburin ba. Da haka ne da ni da kai da fasto duk muna waje.

Yanzu ka ji yadda Allah ya juya abin, domin nan ne daɗin labarin.

Kaka ta gaba ina da 'yar gona a gefen wani mashru'i. Riɗi ya yi ja, na wasa lauje, na biya ta kambo, sansanin 'yan ƙwadago, in sha ruwa. Sai na ga wani mutumin kudu kwance a bayan bukka, 'yan'uwansa sun fita yanka. Suka ce zazzaɓin sauro ne, zai tashi. Na ɗaga rigarsa na ga cikin. Iliya, ba likitan da zai gane cikin nan kafin ni. Kwana goma sha biyu na yi ina karanta shi, shi ne kaɗai karatun da na taɓa yi.

Na dubi gona, na dubi mutumin. Na saɓa shi a kafaɗa, ƙaton mutum da ya rage ƙashi, na bi ta gaban kowa har bakin hanya, na tare lori. Na zauna da shi a asibiti ana yi masa allura kullum har ya fara neman abinci da faɗa. Da na koma gona riɗin ya zube ƙaf, kara ne kawai a tsaye. Na tsaya a tsakiyar gonar sai na ji dariya ta kama ni, irin wadda na shekara bakwai ban yi ba. Na dawo gida hannu wofi ina waƙa, uwarka ta zaci rana ce ta taɓa ni. Na ce ta zuba mini man riɗi a asida.

Kada ka ji ba daidai ba. Ban ce ran mutumin nan ya maye na yayarka ba. Rai ba ya maye rai. Ban kuma ce Allah ya kashe ta don ya koya mini ba, ni na yi wannan, ba shi ba. Abin da na ce, ya tsinci abu mafi muni da na taɓa yi, bai jefar ba, ya mai da shi ido a kaina. Tun daga shekarar, duk kaka ina zaga kambo-kambo ina ɗaga rigunan mutane. Sun sa mini suna Mai Duba Ciki. Wasu sun zage ni, wani ya taɓa bi na da sanda. Na ɗauko Musulmi, na ɗauko Kirista, na ɗauko wanda ban san me yake bauta wa ba. Ɗan ƙanen Malam Sale yana cikinsu, ga shi yau da 'ya'ya shida, ko gaishe ni ba ya yi sosai. Malam Sale ya ce in cire wannan. Na ce ya rubuta.

Waɗanda na makara a kansu, in Musulmi ne jama'arsu na karɓa. In Kirista ne baƙo, wanda 'yan'uwansa ba su da takarda suna tsoron shigowa gari, ni ake aiko wa. In wanke shi, in binne shi a bayan maƙabartarmu. Ka san ƙasar nan: gicciyen itace gara ta cinye, abin da ta rage laka ta haɗiye da damina. Shi ya sa nake roƙon direbobi su ɗauko mini duwatsu daga tudun Ƙala'at an-Nahal, kowane kabari dutse ɗaya. Sunayen kuwa suna kaina. Kun sha yi mini dariya kuna yara, ranar Idin Ƙiyama, bikin tashin Almasihu, da safe, in jama'a suka fito daga sujada suka biyo ni ina bin duwatsu ina kiran kowa da sunansa da garinsu, ana amsawa Almasihu ya tashi. Ba ku san yadda abin ya fara ba.

A shekarar farko duwatsu huɗu ne. Na huɗun babu kowa a ƙarƙashinsa, domin ita tana can gefen hanyar Hawata, ban ma iya nuna wurin yanzu. Na kira uku. Na zo kan na huɗu, ga dattawa, ga mata, ga uwarka. Sai na ce, "Saratu, 'yar Barnaba, 'yata ta fari." Da ƙarfi na faɗa, har na bayan katanga suka ji. Sama ba ta faɗo ba. Uwarka ta yi guɗa a cikin maƙabarta, abin da ba a taɓa yi ba, matan Nuba suka kama mata. Ranar na san kabarin Ubangiji wofi ne, ba don an gaya mini ba. Saratu. Ka ga yanzu ina faɗinsa kamar ruwa.

Saura kuskure ɗaya, shi ne sabo, kuma kai na yi wa.

Ranar da aka sake ka ka shigo gida, ka tsaya a bakin zaure kana dubana. Duk abin da na faɗa a takardar nan yana bakina a lokacin. Abin da ya fito shi ne, "Ba ka da ido ne?" Na ga yadda fuskarka ta rufe. Tsoro ne ya yi magana, domin na ga kaina a tsaye a wurin, amma wannan ba hujja ba ce. Tsoho da furfura, mai bin duwatsu yana wa'azin tashin matattu, ya ga ɗansa cikin rami ya ƙara masa ƙasa. Na yi laifi. Ka gafarta mini, ɗana. Malam Sale ya ce in maimaita, bai tabbata kunnensa ya ji daidai ba. Na ce sau ɗaya ake yi, ya rubuta da kyau. In ka haifi naka, kada ka jira wata uku da alƙalamin maƙwabci kafin ka faɗi irin wannan.

Ga abin da ba ka sani ba. Kana hannun hukuma aka aiko mini daga asibiti cewa akwai gawar baƙo ba mai karɓa. Na je na ga ko wane ne. Ni na wanke shi, Iliya. Saurayi ne kamarka, da zaren gicciye a wuyansa, da kanta a tafin hannu irin ta masu lauje. Na binne shi, amma ba suna. Sau uku ina hawa lori zuwa kambonsu. Na farko suka juya mini baya. Na biyu na gaya musu ni uban direban ne, wani ya tofa yawu kusa da ƙafata, na zauna dai har rana ta yi sanyi. Na uku wansa ya fito, ya zuba mini jabana. Da Larabcinsa guntu-guntu ya tambaye ni ko an sa kansa yadda ya kamata, ko an yi addu'a. Na ce da hannuna. Ya tambaya ko direban yana da uwa. Na ce tana nan, tana kuka.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ya yafe ba. Ya ce wannan maganar uwarsu ce, sai ya koma gida. Amma ya ce dukansu sun sha barci a ƙarƙashin tirelar nan, gobe ma za su yi, domin babu wata inuwa. Ya ce, "Ka gaya wa ɗanka ya riƙa leƙawa. Ya gaya wa sauran direbobi su ma."

Ka ji aikinka. Ka rantse ba za ka ƙara taɓa sitiyari ba, ni kuwa ina ganin duk faɗin mashru'an nan babu direban da zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ƙarfe kamar kai, babu kuma wanda in ya faɗa wa sabon direba za a ji. An ba ka ido irin nawa, da tsada irin tawa. Kada ka kai shi ramin zinariya ka binne. Je ka, ka sha iska, ka gaji, amma ka san akwai masu barci a inuwa da ke jiran ka.

Sunansa Barhane, ɗan Aragawi, daga wani ƙauye a hayin iyaka. Na san ba ka taɓa tambaya ba don kana tsoron ji. Yanzu ka ji. Dutsensa baƙi ne mai faɗi, na ɗora shi kusa da na yayarka, hannun dama.

Idin Ƙiyama saura wata huɗu. Zan bi duwatsuna kamar kullum, jama'a a bayana. In na kira Saratu aka amsa, zan matsa kan na gaba in yi shiru. Wannan sunan ba ni zan kira shi ba. Zan tsaya a wurin, fasto ya tsaya, mata su tsaya da 'ya'yansu a cikin ranar bazara, har sai ka zo ka faɗa da bakinka. Ka san ni. Na shekara bakwai ina gardama da Allah, tsayuwar wuni ɗaya ba komai ba ce a wurina. Malam Sale ya ce shi zai kawo mini laima da ruwa, don ya san ba zan motsa ba. In kana tausayin jama'ar kanisa, ka kama lori da wuri.

Allah ya kai ka lafiya, ya kwantar da ƙurar hanya a gabanka. Ya tsare ka daga rami mai rubzawa da zazzaɓin baƙon wuri. Wanda ya fito daga kabari da tabon ƙusa a hannunsa ya riƙe naka hannun, ya dawo mana da kai kana cin abinci. Uwarka ta ce gyaɗar ta ci ce, ba ta rabo ba. Malam Sale yana gaishe ka, ya ce shi ma yana sa ka a addu'arsa.

Ni ne ubanka,
Barnaba Mai Duba Ciki